Keken-Tsaye da Babur: A Koya Kafin a Hau

Jawabin da aka yi wa Hakimai da malaman ofisoshinsu na ƙasashen Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi

 Na san waɗansunku sun baro gida tun da sassafe, a kan hanyoyin da kowa ya san halinsu a wannan zamani, saboda haka ba zan tsawaita ba sai gwargwadon bukata. Ni ɗanku ne, ban isa in koya muku riƙon jama'a ba. Aikina in kawo muku labarin abin da ya shigo, ku kuwa ku auna shi da hankalinku, ku isar wa talakawa ta bakin dagatai da masu unguwa.

Maganar yau a kan abin hawa ta ke, iri biyu. Na fari baƙo ne, bai yawaita a wajenmu ba tukuna, watau wani abin hawa na lantarki mai taya biyu wanda mutum ya ke tsayawa a kansa, shi kuwa ya riƙe shi kada ya faɗi. Na biyu ɗan gida ne, babur, wanda babu ƙauyen da ba shi. Na haɗa su ne domin darasinsu ɗaya, kuma labarin baƙon zai sa mu sake duban ɗan gidan, wanda sabo ya sa muka raina haɗarinsa.

Yadda abubuwan hawa suka shigo mana

Kakanninmu da jaki da raƙumi da doki su ke tafiya. A 1929 hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta iso Ƙaura Namoda ta tsaya nan, gyaɗa da auduga suka sami mafita. Bayan jirgi sai lori da keke. Daga baya babur ya zo ya rinjaye su duka, har ya zama shi ne jakin manomi, shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ne kuma sana'ar samari masu yawa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023 mai ya yi tsada, hankalin mutane ya fara komawa ga abubuwan hawa masu aiki da batir. 'Yan kasuwa kuwa ba su barin abin da a ke nema. Abin da ya bayyana a kantunan Kano da Abuja bana, baɗi sai a gan shi a Gusau, daga nan sai Ƙaura. Gara mu san shi tun bai zama ruwan dare ba.

Ku da kuka tashi cikin dawaki kun san ba a ɗora yaro a kan ingarma ranar hawan Salla alhali bai taɓa riƙe linzami ba. A kan fara masa da doki mai sanyin hali, a cikin fili, da babba riƙe da ragama. Wannan kyakkyawan tsari shi ne muka yar sa'ad da inji ya zo, shi ne kuma na zo roƙo a komo da shi.

Mene ne keken-tsaye

Wani Ba'amurke mai suna Dean Kamen shi ya ƙirƙiro wannan abin hawa, ya nuna wa duniya shi a watan Disamba 2001, aka sa masa suna Segway. Mu a nan mu kira shi keken-tsaye. Tayoyinsa biyu suna gefe da gefe, ba gaba da baya kamar na keke ba. Tsakaninsu akwai wurin sa ƙafafu, da doguwar sanda mai mariƙi. Nauyinsa ya kusa kilo 50, iyakar gudunsa kilomita 20 a sa'a guda, kuɗinsa kuwa da farko kusan dala 5,000.

Ga yadda ya ke tsayuwa. Kowanenmu yana yaro ya taɓa tsai da kara a kan tafin hannu. In karan ya karkata gaba sai ka tura hannunka gaba ka tare shi, in ya karkata baya sai ka ja hannunka baya. Haka injin nan ya ke yi da mutum. A cikinsa akwai ƙananan na'urori masu jin karkata, suna aunawa sau 100 a daƙiƙa guda, suna gaya wa tayoyi su bi ta ƙarƙashin mahayi su tare shi. In mutum ya ɗan sunkuya gaba sai ya tafi gaba, in ya ɗan ja jikinsa baya sai ya rage gudu ya tsaya. Ba shi da totur, ba shi da birkin takawa. Jikin mahayi shi ne linzaminsa.

Daga wannan bayani mai hankali zai gane inda rauninsa ya ke. Da fari, gaba da baya kaɗai ya ke tare mutum, ba ya tare faɗuwar gefe. Na biyu, sai taya ta kama ƙasa sosai ta ke iya tarewa. In ta sulɓe a kan rairayi ko laka, ko ta faɗa rami, ko ta bugi dutse, to, hannun da ke riƙe da karan ya goce. Na uku, sai da ƙarfin batir. In batir ya yi sanyi, injin ba shi da ƙarfin tarar mutum sa'ad da ya karkata da yawa.

A 2015 wani kamfanin ƙasar Sin mai suna Ninebot ya sayi kamfanin Segway, a watan Yuli 2020 kuma aka daina ƙera babban keken-tsaye, bayan an sayar da wajen 140,000. Amma ya bar ƙane, wanda ya fi shi yaɗuwa saboda arha. Shi allo ne mai taya biyu, ba shi da sanda ba shi da mariƙi, 'yan kasuwa suna kiransa hobabod. Shi ne a ke saya wa yara tsaraba, shi ne kuma za ku fi gani. Duk abin da zan faɗa ya shafe su su biyu, sai dai ƙanen ya fi saurin kā da mutum, tun da babu abin kamawa.

Waɗanda ya kayar

Kada wani ya ce sai bagidaje ya ke faɗuwa. A watan Yuni 2003 shugaban Amurka na lokacin, George W. Bush, ya taka keken-tsaye, ya tuntsura da shi a gaban masu ɗaukar hoto. Rahotanni suka ce ya hau ne ba a kunna injin ba. A watan Satumba na wannan shekara kamfanin ya kira wajen guda 6,000 domin gyara, saboda mutane suna faɗuwa in batir ya yi ƙasa. A 2006 aka sake kiran wajen 23,500, domin an gano tayoyi kan juya da baya ba zato.

A watan Agusta 2015 a birnin Bejin, Usain Bolt, ɗan tseren nan na Jamaika, ya gama cin tseren mita 200 yana zagaya fili yana gaisawa da jama'a. Wani mai ɗaukar hoto yana biye da shi a kan keken-tsaye, idonsa na kan na'urarsa, tayarsa ta hau wani ƙarfe a gefen fili, ya kwashe Bolt ta baya suka zube tare. Wannan ya nuna mana wanda ke tafiya da ƙafa ma bai tsira ba in hankalin mahayi ya rabu biyu.

Wanda ya fi ban tausayi shi ne labarin Jimi Heselden, attajirin Ingila wanda ya sayi kamfanin Segway a ƙarshen 2009. A watan Satumba 2010 yana kan keken-tsaye a wata ƙaramar hanya bisa gaɓar kogin Wharfe, kusa da gidansa. Binciken da aka yi ya nuna ya ja da baya ne domin ya ba wani mai tafiya da karensa hanya, sai ya faɗa daga kan gaɓar, ya rasu yana da shekara 62. Mai kamfanin ke nan. In injin bai yi wa ubangidansa kara ba, ba zai yi wa ɗan kowa ba.

Ni ma, ranku ya daɗe, ina da nawa rabo. Na je wani kwas a Kano, na sauka gidan wani abokina, na tarar da ɗansa ɗan shekara goma yana yawo a kan allon nan a tsakar gida kamar da shi aka haife shi. Na ce abin da yaro ya iya ba zai gagare ni ba. Na hau sanye da doguwar riga da silifa, ina duban ƙafafuna, da na ji tsoro kuma sai na yi ƙoƙarin sauka ta gaba. Allon ya kufce, na dafa ƙasa da hannun dama, wuyan hannu ya tsage. Mako shida ban riƙe alƙalami ba. Malamai, ku kun san abin da wannan ya ke nufi ga mai cin abinci da rubutu. Kuskure huɗu na yi cikin minti guda, kuma duk da na tambaya da an gaya mini.

Yadda a ke koyo

Ga ƙa'idodin da ya kamata duk uban da ya saya wa ɗansa, ko ma'aikacin da aka ba shi domin aiki, ya bi bi da bi.

1. A fara da kayan kariya: hular kwano mai maɗauri, da takalmi rufaffe mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, da matasan gwiwa da na gwiwar hannu da na wuyan hannu. A tuɓe babbar riga da duk tufar da ke jan ƙasa.

2. A duba nauyin mahayi. Masu ƙera Segway sun ƙayyade kada wanda bai kai kilo 45 ba ya hau, yawancin masu ƙera allon kuwa kilo 20 su ke rubutawa. In yaro ya cika rashin nauyi injin ba ya jinsa sosai, sai ya riƙa karkarwa.

3. A zaɓi wuri shimfiɗaɗɗe, mai tauri, busasshe, kamar daɓen siminti. A nisanci rairayi da tsakuwa, da bakin rijiya, da lambatu, da matakala, da murhu.

4. Babba ya tsaya kusa ya riƙe mai koyo, kamar mai riƙe ragama, har sai ya iya tsayawa da sauka shi kaɗai.

5. A cika batir, a ajiye injin a daidai, a kunna, a jira fitilarsa ta nuna ya shirya. In yana da saitin masu koyo a sa masa, gama a babban keken-tsaye wannan saiti yana tsare gudu a wajen kilomita 10 a sa'a.

6. A ɗora ƙafa ɗaya, kana ɗayar, kamar mai hawan matakala. A miƙe tsaye, a ɗan saki gwiwoyi, a dubi gaba. Wanda ya dubi ƙafafunsa ya sunkuya ke nan, injin kuwa zai ɗauka an ce masa tafi.

7. Darasin ranar farko tsayuwa wuri ɗaya ne, da hawa da sauka. Sa'an nan a koyi tsai da shi. Sai an iya wannan a ke koyon tafiya, kana juyawa, a hankali. Ba a juyawa da gudu, tun da ba ya tare faɗuwar gefe.

8. A sauka ta baya, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, bayan ya tsaya cik. Ba a sauka ta gaba, ba a yin tsalle. Ba a kuma ja da baya a inda ba a ga abin da ke bayan ba.

9. In ya yi ƙara, ko ya girgiza, ko ya turo mahayi baya, gargaɗi ya ke yi cewa gudu ya yi yawa ko batir ya kusa ƙarewa. A rage gudu a sauka nan take.

10. Mutum ɗaya ya ke ɗauka. Ba a goyo a kansa, ba a riƙe waya, ba a hawansa cikin duhu ko cikin ruwa.

Ƙa'ida ta ƙarshe ita ce ta fi shafar ofisoshinku: wannan abu ba na titin mota ba ne. A Ingila, inda tituna su ke sumul, hukuma ta bayyana a 2015 cewa doka ba ta yarda a hau allon a kan titi ko a hanyar masu tafiya da ƙafa ba, sai a cikin filin mutum na kansa. Balle hanyar Gusau zuwa Ƙaura, ko ta Ƙaura zuwa Shinkafi, ko ta Zurmi zuwa Jibiya, inda direban lori ba zai ko hangi yaro a gaban motarsa ba.

Batir da gobara

Haɗari na biyu yana zuwa ne sa'ad da kowa ya kwanta. Batirin waɗannan injuna irin na wayar hannu ne, sai dai ya fi shi girma ninki da yawa. In ƙirarsa ba ta da kyau, ko ya bugu, ko ya yi zafi ainun, ya kan kama wuta da kansa, wutar kuwa mai wuyar kashewa ce, hayaƙinta guba ne. A ƙarshen 2015 ma'aikatan Ingila sun duba allo fiye da 17,000 da aka shigo da su, suka tsare 15,000 saboda ba su da aminci. A watan Yuli 2016 hukumar Amurka ta sa aka janye fiye da 500,000 daga hannun jama'a. A watan Maris 2017 kuma, a garin Harrisburg na Amurka, wani allo da aka bari a kan caji ya tā da gobarar da ta kashe yara mata biyu. Bayan gobara-gobaren farko aka fito da ma'aunin gwaji mai alamar UL 2272. Mai saye ya nemi wannan alama, ya kuma saya a wurin ɗan kasuwar da zai iya komawa gare shi, gama alama ma a kan yi ta jabu.

Mu a nan muna da ƙarin dalilin tsoro. A watan Afrilu zafinmu ya kan wuce digiri 40, irin wannan batir kuwa ba a son a yi masa caji in zafinsa ya haura 45. Gidajenmu da yawa suna da danni na kara, da rumbu, da harawa a kan rufi, da fetur a jarka. Saboda haka a yi caji da rana, a inuwa, a kan siminti ko ƙasa, da mutum a kusa. Kada a yi a ɗakin kwana, ko a kan katifa, ko a bakin ƙofar da ita kaɗai ce mafita. A yi da cajar da ta zo da shi, a cire da zarar ya cika. In an dawo daga hawa a bari ya huce tukuna. Batirin da ya kumbura, ko ya ke wari, ko ya sha ruwa, a fitar da shi fili nesa da gida, kada a ba yaro ya kwance shi. In wuta ta tashi, a fara fitar da mutane, a kashe wutar lantarki, kada kowa ya ɗauke shi da hannu. Ko ta mutu a ci gaba da lura, domin ta kan sake tashi. Wannan gargaɗi ya shafi babur mai batir da keke mai batir duka.

Mu komo kan babur

To, ranku ya daɗe, in injin da aka ƙera musamman domin ya riƙe mutum, wanda gudunsa bai wuce kilomita 20 ba, ya iya karya hannu ya kashe rai, yaya babur, wanda ba ya riƙe kowa, ya ke kuma ninka wannan gudu sau uku ko huɗu? Ga lissafi mai sauƙi. Wanda ya bugi abu yana gudun kilomita 20, kamar ya faɗo ne daga tsayin mita ɗaya da rabi. Wanda ya buga yana gudun 60, kamar ya faɗo daga mita 14, watau daga kan doguwar giginya. A gudun 60 kuma babur yana cin kusan mita 17 kowace daƙiƙa, tun mahayi bai kai ƙafarsa ga birki ba. In an ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata ya ninku sau huɗu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ta ce hular kwano mai kyau, in an ɗaura ta daidai, tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har da kashi 74 cikin 100. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa hular ran 1 ga Janairu 2009. Waɗansunku za su tuna yadda 'yan acaɓa a Kano da waɗansu garuruwa suka riƙa kifa ƙwarya a kā domin su wuce ma'aikata. An yi dariya a lokacin, amma ƙwarya ma'aikaci kaɗai ta ke ruɗa, kwalta ba ta ruɗuwa.

Doka ta ce sai mai shekara 18 ya ke samun lasin, na babur kuwa shi ne aji A. Duk da haka kowa a cikinmu ya ga yaron da ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba an aike shi kasuwa da babur, ko niƙa, har da ƙannensa a baya. Yawancin mahayanmu ba wanda ya koya musu. Wani ya ba su aro da yamma, suka zagaya gari sau biyu, gobe suka ɗauki fasinja.

Tsarin koyo ɗaya ne da wanda na lissafa. A fara a fili, da babba a kusa. A koyi birki kafin totur, a san birkin gaba shi ya fi ƙarfin tsayarwa a kan kwalta, amma in an damƙe shi a rairayi ko a kwana sai ya kā da mutum. A yi makonni ana hawa shi kaɗai kafin a ɗauki kowa. A tattare babbar riga, mace kuma ta tattare zanenta da mayafinta, gama sarƙa da taya sun sha fizgo mata ƙasa ta nan. Kada a cire madubi domin ado. A gyara fitila, a kunna ta cikin hazon hunturu ko da rana ne. Da damina kada a shiga rafi mai gudu domin an ga wani ya haye. A rage lodi ranar kasuwa, musamman ranar Alhamis ta Shinkafi da hanya ke cika. A hana samari wasa da babur wajen rakiyar amarya. Wanda ya sha ƙwaya kuma, ko wace iri ce, ba shi da halin ɗaukar ɗan mutane.

In haɗari ya auku

Kada a fizgi wanda ya faɗi, kada a lanƙwasa wuyansa. In ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa ruwa. In yana amai a juya shi kan gefensa, kai da wuya da jiki tare. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta. Lambar kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, ba a biyan kuɗi. Wanda ya bugu a kā, ko ya tashi ya ce lafiya lau, a lura da shi kwana ɗaya zuwa biyu. In ya fara amai, ko barci mai nauyi, ko ruɗewa, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, a kai shi asibiti ba jinkiri. Maɗori yana da aikinsa, amma ba ya ganin abin da ke cikin kai.

Ku tuna kuma da nisanmu. Daga Ƙaura zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau ya fi kilomita 50, daga Shinkafi da Zurmi ya fi haka. Raunin kai mai tsanani sau da yawa sai an dangana da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Da halin tsaron da mu ke ciki, wanda har ya sa Gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako ta kuma taƙaita hawan babur da dare a watan Satumba 2021, yaron da ya faɗi bayan magariba ba lalle a sami mai fita da shi ba sai gari ya waye. A wurinmu rigakafi ya fi magani nesa ba kusa ba.

Abin da a ke roƙonku

Na fari, Hakimai su tara dagatai da masu unguwa su karanta musu wannan takarda, a kuma sa mai shela ya faɗa a kasuwa cewa ba a yarda yaro ya hau allon lantarki a kan titi ba, ba a kuma yarda a ba ƙaramin yaro babur ba.

Na biyu, kowane gari ya keɓe fili guda na koyon hawa, a nemi dattijo cikin masu babur wanda aka san shi da natsuwa ya riƙa lura da masu koyo.

Na uku, a zauna da shugabannin 'yan acaɓa na kowace tasha, a daidaita da su cewa sabon shiga ba zai ɗauki fasinja ba sai sun gwada shi. A yi magana da masu sayar da kayan batir da masu shagon caji a kan gobara.

Na huɗu naku ne, malamai. Kowannenku ya buɗe littafi guda na haɗurra. A rubuta rana da lokaci, da wurin, da irin abin hawan, da shekarun mahayi, da ko yana da hula, da irin raunin. Ba domin a kama kowa ba ne, kada a tsorata mutane su ɓoye. In an tara na wata shida za a ga wace kwana ce ke cin mutane, wace rana, wane lokaci. Da wannan littafi Hakimi zai nemi gyaran hanya ko alama a wurin Ƙaramar Hukuma yana da hujja a hannu.

Na biyar, a fara daga gida. Talaka yana duban ƙofar fada. In ya ga ɗan Hakimi da malamin Hakimi sanye da hular kwano, magana ta ƙare. In ya ga akasin haka, shela ta zama iska.

Wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma ban taɓa ganin wanda ya hau doki ba tare da ya duba majayi ba saboda wannan magana. Abin da mu ke yi wa doki shi mu ke roƙo a yi wa inji.

 Wanda ya ke da tambaya, ko ya ke son ƙarin kofe na wannan takarda domin dagatansa, ya aiko malaminsa ofishin watsa labarai. Allah ya mai da kowa gida lafiya. Haza wassalam.